Fik na dala 35: tsadar tana fitowa a sauti kuwa?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu masu kaɗa jita da mandolin, a kan fik, ɗan abin nan da ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuni ana bugun tsirkiya da shi.

Jitata ta katako ce mai tsirkiyar ƙarfe, kuma Tortex mai ruwan ɗorawa nake amfani da shi, na milimita 0.73. Da shi nake kaɗa mandolin ɗin ma. A jita ba ni da ƙorafi sosai. A mandolin ne matsalar take: idan na zo karkarwa, wato tiremolo, bugun sama da ƙasa da sauri a kan sauti ɗaya, sai fik ɗin ya riƙa sarƙewa tsakanin tagwayen tsirkiyoyin, ga kuma wani ƙas-ƙas da yake rigan sautin fitowa.

Na ga ana yabon BlueChip, guda ɗaya kusan dala 35, da Wegen da Red Bear. In aka haɗa da kuɗin aikowa da canjin dala, kuɗin tsirkiya ne saiti da yawa. Shin bambancin ana jin sa a kunne, ko mai riƙe da shi kaɗai ke ji a hannu? Fik ɗaya zai yi wa jita da mandolin duka? In kuwa za a saya, da wanne ake farawa? Na gode.

Baban_Tagwaye:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar da ka bayyana ta kauri ce da siffar baki, kuma ana magance ta tun kafin a kai ga maganar dala 35.

Mandolin tsirkiya takwas gare shi, biyu-biyu, gajeru ne kuma a ɗame suke sosai. Tsawon da ke kaɗawa kusan santimita 35 ne, na jita kuwa kusan 65. Fik na 0.73 in ya taɓa tsirkiya irin wannan sai ya tanƙwara tukuna, ya saki ta farko, ya dawo ya mari ta biyu. Marin nan shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji. Jinkirin tanƙwarawar kuma shi ke sa hannunka ya wuce, bakin fik yana baya, karkarwa ta sarƙe.

Taurin fik ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kauri. In ka ninka kauri sau biyu a abu iri ɗaya, tauri ya ninku sau takwas. Daga milimita 1.0 zuwa 1.4 kaɗai, ya kusa ninkuwa uku. Shi ya sa masu kaɗa mandolin a salon bulugiras na Amurka galibi suke tsakanin 1.4 da 1.5, wasu har 2.0. A nan fik ba ya lanƙwasa ko kaɗan, duk abin da hannu ya yi tsirkiya ta ji nan take. Sai dai in mandolin ɗinka mai zagayayyen baya ne irin na Nafoli a Italiya, wanda ake sa wa tsirkiya marasa nauyi. Shi wannan da fik mai tsini kuma mara kauri sosai ake kaɗa shi, kamar 0.8 zuwa 1.0.

To me kuɗin yake saya a fik mai tsada? Abu na farko shi ne kayan da aka yi shi da su. Fik na gargajiya da robar seluloyid ake yi, tun da Luigi D'Andrea ya fara yanka su a New York a 1922, kuma siffar nan ta 351 da kowa ya sani a fik ɗin Fender daga gidansa ta fito. Sautin seluloyid yana da daɗi, amma tsirkiya mai naɗin tagulla tana cinye shi da wuri, bakin ya yi kaushi. Tortex, da Dunlop ya fitar a 1981, da wata roba mai suna Delrin ake yin sa, ya fi jurewa amma shi ma yana cinyewa. BlueChip, da ake yi a Knoxville ta jihar Tennessee, da wata roba ce dangin Vespel, irin wadda ake sa wa a sassan inji inda ake da zafi da gogayya, tana jure zafin da ya haura digiri 250. Ita kanta sandar robar tsada gare ta tun kafin a yanka. Amfaninta a fik shi ne tana zamewa a kan tsirkiya ba tare da ƙara ba, tana kama yatsa in ta ɗumama, kuma ana shekaru bakin bai canja ba.

Na biyu shi ne gyaran baki. Fik mai araha daga inji yake faɗowa, bakinsa a miƙe ko da ɗan layin mazubi a jiki. Mai tsada an sassaƙa masa gangare a gefe biyu na tsinin, an goge shi sumul, yadda tsirkiya za ta gangara ta wuce maimakon ta kama. A ganina wannan gangaren shi ne rabin abin da mutane ke yabawa suna zaton kayan ne.

Amsata ke nan: a mandolin, da kuma jitar katako in ana bin tsirkiya ɗai-ɗai da sauri, bambancin na gaskiya ne. Mai kaɗawa yana jin sa a hannu ƙwarai, mai sauraro kuma yana jin raguwar ƙas-ƙas in yana kusa ko in an sa makirufo. Amma kada ka fara da shi. Sayi Dunlop Primetone mai kusurwa uku, na 1.4 ko 1.5. Uku ne a fakiti, a ƙasa da dala 10 a kasuwar Amurka, da robar Ultex aka yi shi, kuma ya zo da gangarensa a goge. In ka yi wata biyu da shi za ka san kaurin da hannunka yake so da irin tsinin da ya dace da kai, sannan in ka ga dama ka nemi BlueChip mai wannan siffar. Lambobinsu awon inci ne cikin dubu: 40 shi ne milimita 1.0, 50 shi ne 1.25, 60 shi ne 1.5. CT55, mai ɗauke da haruffan sunan Chris Thile, shahararren mai kaɗa mandolin na Amurka, 1.4 ne. TAD babban mai kusurwa uku ne, TD kuma mai siffar ɗigon ruwa. Mai kusurwa uku ya fi riba, domin baki uku ka saya a kuɗin ɗaya.

Mai_Samfefa:

Baba ya faɗi gaskiya a kan kauri, amma ina da ja a kan sayen BlueChip ko da daga baya ne. Tunda gangaren shi ne rabin aikin, ai ana yin sa a gida cikin minti goma, a kan fik na araha.

Abin da ake buƙata: fik mai kauri 1.4 ko 1.5, kamar D'Andrea Pro-Plec ko Ultex ko Tortex mafi kauri. Samfefa mai lamba 400, 800 da 1500, in an samu 2000 ya fi. Gilashi ko tayil mai santsi da za a shimfiɗa samfefar a kai. Sai guntun fata ko tsohon wandon jins.

Da farko ɗauko tsohon fik ɗinka da ya cinye ka duba bakinsa a haske. Inda ya shafe, nan hannunka ke haɗuwa da tsirkiya, kuma wannan za ka kwaikwaya. Shafa baƙar maka a bakin sabon fik ɗin, ka kaɗa minti biyu. Inda tawadar ta goge, nan za ka ci.

Shimfiɗa 400 a kan gilashin. Karkata fik ɗin kamar digiri 30, ka ja shi gefe ɗaya tak, daga kafaɗa zuwa tsini, kana ɗan juya wuyan hannu domin gangaren ya bi lanƙwasar bakin. Kada ka yi gaba da baya, yana sa wurin ya yi faɗi a tsakiya. Ja goma, ka duba. Tsawon gangaren milimita 5 zuwa 6 daga tsini ya isa. Juya fik ɗin ka yi wa ɗaya fuskar daidai haka, da adadin ja iri ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya zurfi, bugun ƙasa da na sama ba za su yi ƙara ɗaya ba, kuma a karkarwa nan da nan ake ganewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar gangaren biyu su haɗu su yi kaifin wuƙa. Bakin da ya yi kaifi sautinsa siriri ne, kuma cikin kwanaki zai fara ɓantarewa. Bar ɗan kauri a tsakiya, kamar sulusin kaurin fik ɗin, ka zagaye shi. Kuskure na biyu shi ne tsallake lamba. In ka tashi daga 400 zuwa 1500, zanen 400 yana nan a ƙasa, kuma shi ne zai riƙa ƙarar shashsha a kan tsirkiya mai naɗi. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka jiƙa samfefar da ruwa daga 800 zuwa sama. A ƙarshe goga a kan fata har ya yi sheƙi. Gwajin shi ne farce: bi bakin da farcen babban yatsa, in ya tsaya a wani wuri, da saura.

A kula, seluloyid yana kama wuta da sauri ƙwarai. Kada a kai shi ga injin wasa wuƙa, kada kuma a ce za a gyara baki da ashana.

Abin da wannan aikin ba zai ba ka ba shi ne daɗewa. Delrin ko seluloyid a kan mandolin, in ana kaɗawa kullum, sai an sake taɓa shi da 1500 duk bayan mako biyu ko uku. Wanda ba ya son wannan ɗawainiyar shi ne yake da hujjar biyan dala 35. Sai dai a tuna fik ɓata yake yi kafin ya cinye. BlueChip launin ƙasa-ƙasa ne, in ya faɗi a kan tabarma ko dandamali da dare, ganinsa sai an dace.

Malama_Jita:

Sannunku. Ɗan'uwa Sabon_Hannu, ka tambayi ko fik ɗaya zai yi wa kayan biyu, kuma ba a taɓo wannan sosai ba. Ya danganta da abin da kake yi da jitar.

In share tsirkiyoyi shida kake yi gaba ɗaya kana raka waƙa, Tortex ɗinka na 0.73 daidai yake, har ma na 0.60 mai ruwan lemo. A nan tanƙwarawar da Baba ya ce aibi ce a mandolin ita ake nema, domin ita ke daidaita ƙarar tsirkiyoyin ta kuma ba da ɗan sheƙin nan na sama. Sa fik na 1.5 a wannan aikin, sai manyan tsirkiyoyi su danne ƙanana, hannu ya gaji. Ba a kuma samun BlueChip ko fik na kesin, wato furotin madara da aka daskarar, da sirantar da ake so a nan, domin an yi su ne don kada su lanƙwasa. Saboda haka mai raka waƙa ba abin da zai ƙaru da shi.

A jitar lantarki ma ribar kaɗan ce. Tsirkiyoyin sirara ne, kuma sautin yana bi ta fikof, abin da ke ɗaukar motsin tsirkiya, da amfilifaya, in an ƙara masa kaushi sai ɗan bambancin kayan fik ya nutse. Fik ɗin Dunlop Jazz III na nailan, 1.38, ya ishi dubban ƙwararru. Brian May na Ingila, mai jitar ƙungiyar Queen, da tsohon kwabon sisi yake kaɗawa. Makaɗan jita na Agadas kuwa galibinsu da yatsu suke yi, ba fik ko ɗaya.

In kuma kana bin tsirkiya ɗai-ɗai a jitar katako mai saitin tsirkiya da mafi sirantarsa ke da kaurin inci 0.012 ko 0.013, to fik ɗin mandolin zai yi maka, musamman mai kusurwa uku na 1.25 zuwa 1.4.

Kafin ka fitar da kuɗi, duba abu biyu a jikin mandolin ɗin, domin su ma suna sarƙe karkarwa. Auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da saman ƙarfe na 12 a wuya: kusan milimita 1.5 a tsirkiyar G mafi kauri, kusan 1.2 a E mafi siranta. In ya haura 2, sai ka riƙa danna da ƙarfi, kuma hannun dama yakan bi na hagu ya ƙage. Sannan duba ko tagwayen suna tsayi ɗaya a kan jaki, katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyin a jikin mandolin. In ramin ɗaya ya fi zurfi, fik zai tsallake ta ƙasan ya kama ta saman, kome tsadarsa. Tsirkiyar da ta wuce wata uku ana kaɗa ta kullum ma ta mutu, kuma sabon saiti ya fi kowane fik canja sauti.

Sai riƙo. Bakin da ke leƙowa daga yatsu kada ya wuce milimita 3 zuwa 4, wanda ke nutsewa cikin tsirkiya kuma 1 zuwa 2 kawai. Karkata fik ɗin kaɗan yadda gefensa ne zai fara taɓawa, ba faɗinsa ba. Riƙe shi sako-sako, har wani zai iya zare shi da ɗan ja. Mai kauri ba ya lanƙwasa, don haka yatsu ne za su ba shi wurin motsi. Da yawa suna sayen fik mai kauri su matse shi kamar siriri, su ce ba shi da daɗi.

In kana so ka san ko kunne yana bambancewa, ga gwaji mai sauƙi. Ajiye waya taku ɗaya daga kayan, kada ta motsa. Kaɗa jimla ɗaya da kowane fik, a wuri ɗaya a kan tsirkiya, domin matsawa santimita biyu zuwa wajen jaki kaɗai ya isa ya canja sauti fiye da canjin fik. Sai wani ya kunna maka su a hargitse ba ka san wanne ne ba. Tsakanin 0.73 da 1.5 kowa zai gane. Tsakanin Primetone da BlueChip masu kauri ɗaya, ba kowane kunne ba.

Sabon_Hannu:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura abu biyu. A wajen masu sayarwa ina ganin ana zaɓar gangaren dama ko na hagu, ban gane yadda ake tantancewa ba. Sannan Red Bear da ake cewa sautinsa kamar na ƙoƙon kunkuru, shi fa? Akwai ma masu tallar na kunkurun na asali.

Baban_Tagwaye:

Riƙe fik ɗin a gabanka, tsini yana kallon ƙasa. In gangaren da kake gani yana gefen dama na tsinin, na dama ne. Juya shi, za ka sake ganin sa a dama, haka aka yi shi. Wannan ya dace da mai kaɗawa da dama wanda gefen fik na wajen wuyan jita ke fara taɓa tsirkiya a bugun ƙasa, kuma haka mafi yawa suke. Amma akwai masu kaɗawa da dama da suke lanƙwasa babban yatsa baya, fik ya karkata ɗaya wajen. Su na hagu ne nasu, ko da yake ba bahagwai ba ne. Don haka kada ka zaɓa da sunan hannu. Yi gwajin tawadar da Mai_Samfefa ya kawo, ka ga gefen da ya goge. In ka sayi wanda ya saɓa, tsirkiya za ta riƙa karo da bayan gangaren, ya fi fik mara gangare muni. In hannunka bai zauna a kan karkata ɗaya ba tukuna, zaɓi mai zagayayyen baki, ba dama ba hagu.

Red Bear da kesin ake yi, wato furotin na madara da aka daskarar. D'Addario da John Pearse ma suna da na kesin. Sautinsa yana da ɗumi da cika, kuma a kunnena ya fi BlueChip daɗi a jitar katako. Amma yana da sharuɗɗa. Yana shan danshi, yana kuma jin zafi. In ka bar shi a aljihun baya, ko cikin walat, ko cikin mota a rana, zai karkace. In ka gwada tanƙwara shi da yatsu, zai karye. In ya shiga wanki, an gama. A wurin da ake fita daga damina a shiga bushewar hunturu, sannan zafin bazara ya biyo, abu ne da sai an ajiye shi cikin ɗan gwangwani a akwatin jita kullum. Yana kuma cinyewa, sai ana goge bakin lokaci-lokaci. Ban ba ka shawarar farawa da shi ba.

Na kunkuru kuwa, ka bar shi. Daga ƙoƙon wani kunkurun teku ake yi wanda ke bakin ƙarewa, kuma yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun shekarun 1970. Kwastan na iya ƙwace shi, mai shi ya shiga matsala, kuma da yawan abin da ake tallatawa da wannan suna roba ce ko ƙaho. Tortex da kesin duk an fito da su kasuwa ne a matsayin madadinsa.

Akwai na tsakiya a farashi da ban faɗaɗa a kansa ba, Wegen, da Michel Wegen ke yi a Holan. TF140 mai kusurwa uku ne, 1.4, da ramuka a tsakiya don riƙo, akwai kuma farinsa da ake gani in ya faɗi. Sautinsa ya fi BlueChip haske da ƙarfi, abin da ke taimaka wa mandolin da muryarsa ta dushe. In naka mai tsananin kaifin murya ne, Golden Gate ko Dawg masu zagayayyen baki za su tausasa shi, su kuma sauƙaƙa karkarwa, sai dai ƙarar tana raguwa kuma bin tsirkiya ɗai-ɗai da sauri ya fi wuya da su.

Mai_Samfefa:

Ƙari kaɗan a kan riƙo, tunda da hunturu yatsu kan bushe fik ya riƙa juyawa. Huda ramuka uku zuwa biyar da bakin dirila na milimita 2 a tsakiyar fik ɗin, nesa da tsini da aƙalla santimita ɗaya, ka share bakin ramukan da 800. Naman yatsa yana shiga ramin ya riƙe. Wannan na Delrin da Ultex ne, kada a yi wa kesin, tsagewa zai yi. In ba ka son huji, ɗan ƙaron da ake shafa wa bakan goge a kan babban yatsa ya wadatar. BlueChip kuma in ya fara santsi, maiƙon hannu ne ya taru, wanke shi da sabulu da ruwa ya dawo da kamunsa.

In za ka yi oda daga waje, haɗa Primetone na 1.4 da na 1.5 da saitin tsirkiya biyu a aike ɗaya, tunda kuɗin aikowa bai cika bambanta ba. Ka saya daga kamfanin ko dillalin da kamfanin ya lissafa, domin ana buga jabun fik masu suna a manyan kasuwannin intanet. In kaya sun iso, auna kaurin da ma'aunin kalifa a tsakiyar fik ɗin, ba a bakin da aka sassaƙa ba.